Takarda, reza da gam: yadda na haɗa katunan godiya da kundin hotuna da hannu

Lokacin da mahaifinmu zai ajiye aikin koyarwa, Yaya ce ta raba mana ayyuka, ni kuma duk wani abu na takarda shi ya faɗo kaina: katunan godiya 60 da za a ba abokan aikinsa da tsofaffin ɗalibansa, 'yan alamun da ake ratayawa a jikin kyauta, sai kundin hotuna na shekarun da ya yi a aji. Na karɓa ba musu, don a ganina yankan takarda da shafa gam ai tun muna firamare muke yi. Bidiyoyin intanet ma sun ƙara mini ƙarfin gwiwa, domin a cikinsu minti biyar ya isa a yanka, a ninke, a manna, kati ya fito fes. Abin da ba sa nunawa shi ne awon da aka yi kafin a kunna kyamara, da zaman jiran da aka yanke daga tsakiya. Ga yadda aikin ya zo mini bi da bi, ko wani zai huta da ruɗun da na sha.

Kafin in sayi komai na je gaishe da wata ƙawar mahaifiyarmu da muke kira Inna, wadda ta daɗe tana sana'ar ɗaurin littattafai. Na nuna mata zanen katin da nake so, mai faɗi da tsawo daidai wa daida, da furanni a gefe. Ta duba, ta ajiye, ta ce, "'Yar nan, ina ambulan ɗin?" Na ce, "Inna, ai shi sai an gama kati." Ta ce a'a, ambulan ake fara samu, sannan a yanka kati daidai da shi, domin kati kina iya yanka shi yadda kika ga dama, amma ambulan da awonsa yake zuwa. A nan ta buɗe mini lissafin da daga baya ya riƙe aikin gaba ɗaya. Takardar A4 da muka saba da ita milimita 210 ce a faɗi, 297 a tsawo. In aka raba ta biyu ta zama A5, wato 148 da 210, in aka ninke A5 ta zama A6, wato 105 da 148. Tsarin ya samo asali ne daga Jamus a 1922, ta hannun wani injiniya mai suna Walter Porstmann, kuma dabarar da ke cikinsa ita ce duk rabin da aka yi, fasalin takardar ba ya canzawa. Ambulan kuwa da harafin C ake kiransa: C6, mai 114 da 162, shi ke ɗaukar katin A6, C5 mai 162 da 229 shi ke ɗaukar A5. Ke nan takardar A4 guda za ta ba ni kati biyu masu ninki, ba tare da asarar ko silli ba. Katina mai kusurwa huɗu daidai na yafe shi nan take, don ambulansa wahalar samu gare shi, kuma yankansa yana barin tarkace mai yawa.

Na koma gida na sake kallon bidiyoyin da sabon ido, sai na gane abin da ya sa awonsu bai taɓa zama mini daidai ba. Yawancin masu yin su 'yan Amurka ne, takardarsu kuma ba A4 ba ce, inci 8½ da 11 ce, ta ɗan fi tamu faɗi, ta kasa ta tsawo. Katin da suke ce wa A2 inci 4¼ da 5½ ne, wajen milimita 108 da 140, ba shi da wata alaƙa da A2 ta tsarin da muka sani, wadda babbar takarda ce mai 420 da 594. Duk wanda ya kwafi awon shimfiɗunsu, wato takardun da ake mannawa a fuskar kati ɗaya a kan ɗaya, ya ɗora a kan katin A6, gefensa zai fito a karkace, sama da ƙasa fili ya yi yawa, dama da hagu ya matse. Daga nan na riƙa ɗaukar fasalinsu kawai, awo kuwa nawa nake yi.

Sayen takarda shi ne mataki na biyu, kuma nan ne kaina ya fi ɗaurewa. Kaurin takarda da nauyi ake faɗinsa, shi ne lambar da ake rubutawa a jikin ƙunshi tare da haruffan gsm, ma'ana giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar zai yi a sikeli. Takardar ofis 80 ce, ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Gindin kati, wato wanda ake ninkewa, yana son 250 zuwa 300. Shimfiɗun da ake ɗorawa a kai da takardar rubutu ta ciki, 120 zuwa 160 sun isa, in sun fi haka kati ya yi nauyin gaba ya riƙa kifewa. Matsalar ita ce wasu takardun, musamman na intanet, da awon fam na Amurka ake tallarsu, shi kuma awon nan baki biyu gare shi. Fam 80 a takardar bango kusan gsm 216 ne, amma fam 80 a takardar cikin littafi kusan 118 ne kacal, lamba ɗaya, kauri ya sha bamban. Na yanke wa kaina hukunci: duk ƙunshin da ba a rubuta gsm a jikinsa ba, ba ni ba shi. Sai kuma wani abu da Inna ta ce in duba, wato cikin takardar. Akwai mai launi wadda rini ya ratsa ta gaba ɗaya, akwai wadda a fuska kawai aka buga launin, cikinta fari. Ta biyun da zarar an yanka ko an ninke sai farin layi ya leƙo a bakin. Kallon gefen takardar kawai ya isa a gane. Na fara da sayen ɗaiɗai na gwada, da na tsayar da wadda nake so sai na saye ta gaba ɗaya a lokaci guda, 30 na lissafi da ƙarin goma saboda ɓarna, domin launi ɗaya daga kamfani ɗaya yana iya ɗan bambanta tsakanin bugu da bugu, kuma sai an jera katunan gefe da gefe ake ganin hakan.

Wajen kayan aiki na daɗe ina kokawa da zuciyata. Akwai injinan yankan fasali irin su Sizzix Big Shot da ake murzawa da hannu, da Cricut mai aiki da kwamfuta, kuma in kana kallon masu amfani da su sai ka ɗauka ba a kati sai da su. Kuɗin ɗaya daga cikinsu ya ninka na sauran kayana duka, ga kuma ƙarafunan fasali da ake saye daban. Na haƙura, kuma ban ga abin da na rasa ba. Abin da na saya: rular ƙarfe, wuƙar yankan takarda irin wadda ake karya bakinta in ya dakushe, shimfiɗar yanka ta roba mai layukan awo, abin huda takarda, da wani ɗan abu mai santsi mai kama da wuƙar da ba ta da kaifi, wanda ake jan layin ninki da shi, na ƙashi ko na roba. Rular roba ba ta wannan aiki, reza tana fere ta tun a yankan farko, daga nan ta daina miƙewa. Waɗannan sau ɗaya ake sayensu. Abin da ya riƙa cin kuɗi a hankali ba tare da na lura ba shi ne salatif mai fuska biyu, wanda na yi ta ƙarowa, sai tawada.

Yanzu ga abin da ban taɓa ji ba a rayuwata sai a bakin Inna: takarda tana da jijiya. A masana'anta, lokacin da ruwan ɓawon itace yake gudu a kan injin, zarurrukan suna kwanciya ne ta fuskar da injin yake tafiya, kuma haka suke bushewa. Kamar faskaren itace ne, in ka bi tsagin ya rabu salin alin, in ka gitta ya yi ta gardama. Ninkin da ya bi jijiya yana kwanciya sumul, wanda ya gitta ta yana tsattsagewa, fuskar takardar ta fashe. Gane ta ba wuya: a ɗauki takardar a lanƙwasa ta a hankali ta tsawo ba tare da an karya ba, a sake lanƙwasawa ta faɗi, ɓangaren da ya fi saurin miƙa wuya nan jijiyar ta bi. Tawa ta bi tsawon A4 ne. Saboda haka da na yanka ta tsakiya a gicce, na sami A5 biyu, ninkinsu ya faɗa kan jijiya, katin ya zama mai buɗewa ta gefe kamar littafi. Da a ce katin da ke buɗewa ta sama nake so, wanda ake yanka A4 ta tsawo a sami 105 da 297, da ninkin ya gitta jijiya. Na gwada guda don in gani da idona, bakin ninkin kuwa ya farfashe. Takarda mai kauri ba kullum take bin tsawo ba, shi ya sa kowane sabon ƙunshi sai an gwada.

Yanka bai ba ni wahala ba da na kama hannunsa. A tsaye ake yi, a danne rula da kyau, yatsu can baya da baki, a ja reza sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Da zarar bakin takarda ya fara fitowa da gashi-gashi, reza ta dakushe, a karya a ci gaba. Takarda tana kashe kaifi da sauri fiye da yadda mutum yake zato.

Jan layin ninki kuwa sai da na koma wurin Inna. Na auna 105 a kan kowace A5, na ɗora rula, na ja layin da ɗan ƙashin nan har ya yi kwarmi. Hankali yana ba mutum cewa ta cikin kwarmin ake ninkewa. Inna ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Duba bayan. Kin ga tudun da ya fito? Shi ke shiga ciki." Wato a fuskar waje ake jan layi, sannan a ninke a bar kwarmin a waje, tudun a ciki, haka masu ɗab'i suke yi da takarda mai kauri, domin zarurrukan wajen sun riga sun miƙe, ba za su tsinke ba. Bayan an ninke sai a bi bakin da gefen ƙashin a goge, amma a ɗora wata takarda a kai tukuna, in ba haka ba takarda mai duhu tana yin sheƙi a inda aka goga. Wanda ba shi da ƙashin, biron da tawadarsa ta ƙare yana yi.

A wannan gaɓar hannuna yana ƙaiƙayi in yanka shimfiɗu 60 in huta, amma Inna ta riga ta ja mini kunne cewa in gama kati guda ɗaya tak, tun daga yanka har sa shi a ambulan a liƙe, kafin in taɓa saura. Wannan samfurin ne ya tona duk abin da zane bai nuna ba. Na so kowace shimfiɗa ta bar gefen milimita 3, ke nan 6 ake ragewa a faɗi da tsawo, ba 3 ba: ta farko 99 da 142, ta biyu 93 da 136. Samfurin ya kuma nuna mini cewa kullin zaren ado da na sa a gaba yana tokare ambulan, kuma rubutun da na tsara ya yi ƙanƙanta ga idon dattijai, waɗanda su ne yawancin masu karɓa. Na aika wa Yaya hotonsa, ta amsa da cewa, "Ƙanwata, cire furen nan guda, ya yi hayaniya." Na ji haushi na ɗan lokaci, na cire, katin kuwa ya fi kyau.

Rubutun gaba na so in buga shi da firinta, nan ma akwai abin sani. Firinta mai tawadar ruwa tana ba da launi mai kyau, amma ɗigon ruwa ko damshin gam yana sa rubutun ya zuba. Mai hoda, wato ta lesa, ba ruwanta da ruwa, sai dai hodar a saman takarda take zama, in ninki ya bi ta kanta sai ta fashe. Ga shi yawancin firintocin gida ba sa son takardar 300, musamman in ta aljihun ƙasa aka sa ta, inda sai ta yi kwana kafin ta fito. Mafita ita ce na buga a takardar 160, na yanka, na ɗora a matsayin shimfiɗa. Kalmar godiyar kanta kuwa da hatimin roba na buga ta, irin mai garai-garai da ake mannawa a jikin ɗan gilashin roba, wanda ke bari ka ga inda kake saukewa. Tawadar hatimi iri biyu na tarar. Ta rini tana nutsewa cikin takarda ta bushe nan da nan, amma rana tana kashe launinta a kwana a tashi. Ta garin launi a sama take zama, ta fi kauri da daɗewa, sai dai jinkirin bushewa gare ta, a takarda mai sheƙi ma tana iya wuni ba ta bushe ba. Hatimi kuma ba a danna shi cikin tawada, ana ɗan bubbuga tawadar ne a kansa, a sauke shi a miƙe, a danna ba tare da girgizawa ba.

Jinkirin bushewar nan shi ne amfaninta in ana son rubutu mai tudu da sheƙi. Ana barbaɗa wata hoda a kan tawadar tun tana da danshi, a karkaɗe saura, a hura zafi har hodar ta narke ta zama kamar zinare. Na tambayi Inna ko na'urar busar da gashi za ta yi, ta yi dariya ta ce iskarta za ta kwashe hodar, zafinta kuma bai kai ba. Na aro na'urar hura zafi ta ainihi. Kallon hodar tana juyewa daga gari zuwa sheƙi shi ne abin da ya fi faranta mini rai a duk aikin, har na riƙa kiran 'yan gida su zo su gani. Ana motsa na'urar ne ba a tsayawa wuri ɗaya, kuma da an ga sheƙi a wuce, in an daɗe tudun ya nutse, takardar ta ƙone. Zanen yatsa ma yana kama hodar, don haka a riƙe takardar ta baki.

Gam shi ne inda yawancin katunan gida suke tona asirin kansu. Farin gam na ruwa, wanda ake rubuta wa PVA, yana riƙo sosai, amma ruwan da ke cikinsa yana kumbura zarurrukan takarda, kuma sun fi kumbura ta gicciyen jijiya, shi ya sa takarda take nannaɗewa ta yi tudu da kwari. Gam na sanda ba ya jiƙa takarda, sai dai mai arha yakan saki bayan wani lokaci. Na raba musu aiki: salatif mai fuska biyu ga manyan shimfiɗu, ɗigon PVA da tsinke ga ƙananan furanni, 'yan guntayen soso masu gam ga abin da nake so ya ɗan tashi. Salatif ba ya yafiya, inda ya sauka nan ya zauna. Dabarar da ta cece ni ita ce in ɓare bayansa kaɗan kawai, in lanƙwaso bakin waje, in daidaita shimfiɗar, sannan in zare sauran a hankali. Inda kuma dole sai gam na ruwa, na tabbata jijiyar ta sama da ta ƙasa sun fuskanci wuri ɗaya, na danne da manyan littattafai ya kwana.

Da samfuri ya zauna, sauran aikin ya zama na haƙuri. Ban riƙa gama kati ɗaya in koma wani ba, mataki ɗaya nake yi wa duka: yau yanka, gobe hatimi, a shanya a kan tebur da gado da duk inda ya samu, jibi manni. Jira ya fi aikin kansa cin lokaci, kuma ranar da iska take da damshi komai yana ninka jinkirinsa, takardar ma tana lanƙwashewa tun ba a taɓa ta ba, don haka a kwance nake ajiye ta cikin ledarta. Wajen kati na 40 na gaji, bayana ya riƙe, na fara tambayar kaina me ya hana mu saya kawai. Saƙon ciki kuwa Baba ya ce da hannunsa zai rubuta wa kowa. Na ce, "Baba, ku rubuta a waɗannan takardun daban, in kun gama sai in manna." Ya ce, "To, me ya sa ba a cikin katin ba?" Na ce saboda in alƙalami ya goce, takarda ɗaya za a canza, ba kati ba. Alƙalamin ruwa yake rubutu da shi, sai da muka gwada takardun kafin muka sami wadda tawadar ba ta bazuwa a kanta. Layin gam siriri guda kusa da ninki ya isa riƙe ta ciki, in an manne ta duka kati ba ya rufuwa da kyau.

Alamun kyauta daga ragowar takardun suka fito, ban sayi ko ɗaya ba. Na yanka su santimita 5 da 9. Don kusurwoyin sama su yi daidai, na yanke ɗaya, na juya guntun da ya faɗo na ɗora a ɗaya ɓangaren na bi shi. Huda tana son a bar mata kamar santimita ɗaya daga baki, in ta matso zare yana yaga ta, na kuma manna ɗan da'irar takarda a wurin kafin in huda don ƙarin ƙarfi. A rubuta suna kafin a ɗaura, rubutu a kan abin da ke lilo ba ya kyau.

Katunan da za su yi nisa na kai gidan waya, kuma gara da na fara kai guda ɗaya aka auna. Kuɗin aika wasiƙa ba nauyi kaɗai yake bi ba, har da kauri. A Ingila, misali, abin da kaurinsa ya wuce milimita 5 ya fita daga sahun ƙaramar wasiƙa, a Amurka kuma ambulan mai faɗi da tsawo daidai wa daida ana yi masa ƙarin kuɗi domin injin tantancewa ba ya iya sarrafa shi. Injinan nan matse wasiƙu suke yi, duk wani dutsen ado ko maɓalli yana iya huda ambulan ko ya murƙushe. Na cire soson daga katunan da za a aika, na ɗora siririn kwali a fuskar kowanne don kare rubutun mai tudu.

Kundin hotuna sai bayan taro na zauna masa, kuma shi dokarsa daban ce, domin kati na mako ne ko wata, kundi kuwa ana so jikoki su buɗe shi. Abokin gabarsa asid ne da wani sinadarin itace mai suna lignin, wanda shi ke sa jarida ta yi ja ta riƙa karyewa. Takardar kundi sai wadda aka rubuta ba ta da su biyun, kuma akwai wani alƙalamin gwaji da ake ɗiga wa takarda: in ya koma shunayya lafiya, in ya yi rawaya akwai asid. Tsohon albam ɗin Baba, irin mai shafuka masu danƙo da leda a kai, shi ya nuna mini dalili, don hotunan ciki sun yi jirwaye, wasu sun kama shafin sun ƙi fita. Waɗanda suka yi gardama ban tilasta su ba, na ɗauki hotonsu na sake wankewa. Salatif na yau da kullum ba ya zuwa kusa da hoto, yana yin rawaya ya bar tabo. Rigar ledar da ake sa shafi a ciki ma a guji ta PVC, a nemi ta polypropylene ko polyester. Hotunan da ba su da na biyu ban sa musu gam ba, na kama su da 'yan kusurwoyin takarda yadda za a iya zare su, almakashi kuwa kwafi kawai ya taɓa. Labarin da wata jarida ta taɓa bugawa a kan makarantarsu na kwafe shi a takarda mai kyau, ainihin na ajiye daban. Rasit da tikiti irin waɗanda inji yake bugawa da zafi ba da tawada ba suna gogewa da kansu, in aka kai su laminatin kuma baƙi ƙirin suke komawa, su ma kwafi ne maganinsu.

Shafin da aka fi amfani da shi inci 12 da 12 ne, wajen santimita 30 da rabi, kuma da farko faɗinsa tsoro yake ba mutum, sai ya ji kamar dole ya cika shi. Abin da ya yi mini aiki shi ne hoto guda babba da ido zai fara sauka a kai, biyu ko uku ƙanana kusa da shi, launi biyu da aka ɗauko daga cikin hotunan, sauran fili a bar shi ya sha iska. Ina jera komai ba gam, in ɗauki hotonsa da waya, in tafi in dawo, sannan in manna. Amma abin da ya fi duk ado daraja shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoto: wane ne, a ina, wace shekara. Na zauna da Baba muna bi ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa ina rubutawa da fensir mai taushi a bayan hoton, don biro yana huda fuska ya bar shaida. Wasu fuskokin shi kansa sai da ya yi waya ya tambaya. A shafi kuwa da alƙalami mai tawadar garin launi na rubuta, wadda ba ta kodewa.

In wani ya ce in ba shi shawara, zan ce ya lissafa lokacinsa daga ranar da ake bukatar kayan ya dawo baya, ya ware wa bushewa da dannewa kwanakinsu, domin su ba a yi musu gaggawa. Ya kashe kuɗinsa a takarda mai kyau da reza mai kaifi kafin ya waiwayi kayan ƙyalli, don miƙaƙƙen yanka da tsabtataccen ninki su ne ke bambanta katin da ya yi kyau da wanda aka yi wa kara aka ce ya yi kyau. Kuma in adadin ya haura ɗari, ya sauƙaƙa zanen ƙwarai ko ya nemi mataimaka, kowa ya riƙe mataki ɗaya, amma mai yanka ya zama mutum ɗaya, don hannu biyu ba sa auna milimita iri ɗaya. Samfurin farkon nan ban ba kowa ba. Na rubuta duk awon a bayansa, da nauyin kowace takarda da fuskar da jijiyarta ta bi da sunan tawadar, na sa shi cikin akwatin kayan tare da ragowar takardun da na ware launi-launi, saboda Yaya ta riga ta fara maganar katunan kammala karatun ɗanta.